Yadda Ɗalibi Zai Tace Fim Ɗinsa na Kammala Karatu

Idan zangon ƙarshe ya kama a sassan koyar da aikin jarida da sadarwa na manyan makarantunmu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, za ka riƙa cin karo da ɗalibai ɗauke da kyamara a Tudun Wada ko Unguwar Rimi ko bakin kogin Kaduna, suna haɗa gajeren fim ɗin da za su kare a gaban malamai. Mafi yawansu kan ba ɗauka makonni uku ko huɗu, su bar wa tacewa kwana biyu ko uku, alhali a wurin tacewa ne fim yake samun siffarsa. Kalmar tacewa a nan tana nufin aikin edita, wato abin da 'yan Kannywood ke kira tace hoto, ba aikin hukumomin da ke duba fim kafin a sake shi kasuwa ba. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne jerin aikin: labari ne farko, sai sauti, sai launi, sai rubutu, sannan fitarwa. Wanda ya soma da ƙawata launi tun bai gama yanke labarinsa ba zai maimaita aiki sau biyu.

Kafin ka buɗe manhaja

Ranar da aka tashi daga lokeshan, kada ka kwanta sai ka kwafe duk abin da ke cikin katin memori zuwa wurare biyu, wato kwamfuta da wani faifan ajiya na waje, kuma idan da hali ka ajiye kwafi na uku a wani gida daban, ko da ɗakin abokin aikinka ne. Na taɓa zama da wani ɗalibi wanda faifansa ɗaya tilo ya daina buɗewa saura kwana biyar ya miƙa aiki, kuma ya riga ya goge katin domin ya ara wa wani. Babu abin da aka iya ceto masa. Lissafin wurin ajiya ba shi da wuya: kyamarar da ke ɗaukar 4K, wato hoto mai girma da tsabta sosai, a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a kowace awa, saboda haka ɗaukar awa goma za ta cinye kusan rabin faifai mai terabait ɗaya.

Ka ware folda ga kowace ranar ɗauka, a cikinta hoto daban sauti daban, kuma da zarar ka shigar da fayiloli cikin manhaja kada ka sake musu suna ko wuri, domin manhajar za ta neme su ta rasa. Ka kunna ajiyar da manhaja ke yi da kanta duk bayan minti biyar. Wanda ke aiki a Kaduna ya san ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata shi. Idan kwamfutar tebur kake amfani da ita, UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, wajibi ne. Idan ta cinya ce, ka ɗora ta a kan abu mai tauri inda iska za ta ratsa ƙarƙashinta, musamman a zafin Maris da Afrilu, sannan ka share ƙurar hunturu daga ramukan fankarta.

Game da manhaja, ba zan tsawaita ba. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da nau'in kyauta wanda ya haɗa yanka da gyaran launi da gyaran sauti a wuri ɗaya, kuma shi nake ba ɗalibi shawara idan kwamfutarsa tana da ƙarfi, wato ram ɗinta, ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya kai gigabait 16. Adobe Premiere Pro sananne ne a ɗakunan tacewa, sai dai biyan kuɗinsa na wata-wata ne. Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma ba su da nauyi. CapCut ya dace da gajeren bidiyon waya, amma yana takura mutum a aikin sauti. Ka guji manhajar sata, domin takan rufe kanta ana cikin aiki, kuma takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta.

Saiti ɗaya ne ba ya gyaruwa cikin sauƙi daga baya, shi ne adadin firem a daƙiƙa, wato yawan hotuna tsayayyu da ke wucewa cikin kowace daƙiƙa. Talabijin ɗin Najeriya yana kan tsarin firem 25, wutar lantarkinmu kuma tana kan zagaye 50 a daƙiƙa, shi ya sa hoton da aka ɗauka a kan firem 30 ƙarƙashin wasu fitilu yake rawa. Ka saita aikinka a kan adadin da aka ɗauki mafi yawan fim ɗin da shi, tun kafin ka ɗora hoto na farko. Idan da waya aka ɗauki wasu wuraren, ka sani cewa wayoyi kan sauya adadin firem suna cikin ɗauka, abin da ke sa baki da murya su rabu bayan 'yan mintuna. Maganinsa shi ne ka bi da fayilolin ta manhajar sauya fayil irin su HandBrake ko Shutter Encoder ka mayar da su kan adadi tsayayye. Idan kuma kwamfuta tana sarƙewa da 4K, ka sa manhajar ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi, waɗanda ake kira furoksi, ka yi yanka da su, a wurin fitarwa ta koma kan na asali.

Yanka

Ka kalli duk abin da aka ɗauka daga farko har ƙarshe da biro da takarda, kana rubuta wace ɗauka ce ta fi kyau a kowace fitowa da dalilin da ya sa. Wannan kallon yana da gajiyarwa, amma a cikinsa ake tsintar wani kallo ko wani ɗan shiru da ɗan wasa ya yi bayan darakta ya zaci an gama, wanda sau da yawa ya fi abin da aka shirya. Daga nan ka haɗa sauti da hoto, ta amfani da tafin da aka yi a farkon ɗauka ko ka bar manhaja ta daidaita su da kanta, sannan ka jera fitowa bayan fitowa kamar yadda rubutun labari ya zo, ba tare da damuwa da kyau ba. Wannan haɗin farko kan yi tsawo ƙwarai. A bisa al'ada shafi ɗaya na rubutun fim yana daidai da minti ɗaya a allo, to idan rubutunka shafi 12 ne amma haɗin ya kai minti 25, ka san akwai abin zubarwa da yawa.

Tambayar da za ka yi wa kowace fitowa ita ce: me mai kallo ya sani a ƙarshenta wanda bai sani ba a farkonta? Idan babu amsa, fitowar ta tafi, ko da ita ce ta fi cin kuɗi da wahala. Ɗalibai kan riƙe hoton da aka ɗauka da jirgi maras matuƙi a saman gadar Kawo na tsawon daƙiƙa 30 saboda sun biya kuɗin haya, alhali daƙiƙa uku sun isa su gaya wa mai kallo cewa a Kaduna ake. Haka nan tafiyar mota daga Barnawa zuwa Kawo, da buɗe ƙyaure, da fitowa daga mota, da rufe ƙofa. Ka shiga fitowa a makare, ka fita da wuri.

Akwai wani wuri da editan fim ɗin Hausa yake bukatar hankali na musamman, shi ne gaisuwa. A rayuwarmu ba a shiga gida a faɗa magana kai tsaye. Akwai sallama, da ina kwana, da ina gajiya, da tambayar iyali, kuma idan ka yanke su duka, mai kallo Bahaushe zai ji cewa wannan yaron ba shi da tarbiyya, ko da labarin bai nufi haka ba. Idan kuma ka bar su duka a kowace fitowa, rabin fim ɗinka na minti goma zai tafi a gaisuwa. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce ka duba abin da gaisuwar take ɗauke da shi. Idan saurayi ya je gaban mahaifin yarinya ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni?" shi kuma dattijon ya jinkirta kafin ya amsa da "Lafiya" a taƙaice ba tare da ya ɗago kai ba, to wannan gaisuwar ita ce fitowar gaba ɗaya, kuma ko firem ɗaya kada ka taɓa. Amma idan abokai biyu ne suka haɗu a shago domin ɗaya ya ba ɗaya labari, ka bar sallama da amsarta, ka wuce zuwa maganar, ko kuma ka fara fitowar suna zaune an riga an gaisa.

Haka shiru yake. Yarinyar da mahaifiyarta ta tambaye ta ko tana son wanda aka zaɓa mata, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta riga ta ba da amsa ta hanyar kunya, kuma editan da ya datse wannan shirun domin fim ya yi sauri ya zubar da amsar. Sabon edita yana da ɗabi'ar nuna fuskar duk wanda ke magana, ya koma kan ɗayan idan ya fara tasa, kamar ana buga ƙwallo tsakaninsu. Sau da yawa fuskar mai sauraro ta fi ta mai magana faɗar abin da ke faruwa. Tun kusan shekara ɗari da suka wuce Lev Kuleshov na ƙasar Rasha ya nuna cewa fuska ɗaya tana sauya ma'ana a idon mai kallo gwargwadon hoton da aka jera kusa da ita. Saboda haka ka koyi raba yankan sauti da na hoto: ka bar muryar uwa ta ci gaba alhali hoto ya koma kan fuskar 'yar, ko ka shigo da hayaniyar Kasuwar Barci daƙiƙa ɗaya kafin hoton kasuwar ya bayyana. Wannan dabarar kaɗai tana raba aikin ƙwararre da na ɗan koyo.

Idan za ka sauya daga hoton nesa zuwa na kusa, ka yanka a tsakiyar motsi, lokacin da mutum yake zama ko yake miƙa hannu, domin ido yana bin motsin bai lura da yankan ba. Ka lura da inda 'yan wasa suke fuskanta: wanda ke duban dama a wannan hoton kada ya koma duban hagu a na gaba alhali bai motsa ba. Ka lura da karin hula da ɗaurin ɗankwali da yawan shayin da ke cikin kofi. Sai dai idan zaɓi ya zo tsakanin ɗaukar da wasa ya yi kyau amma hula ta ɗan karkace, da wadda hula ta zauna daidai amma wasan ya yi sanyi, ka ɗauki ta farko. Game da kwalliyar sauya hoto da manhajoji ke zuwa da ita, irin su juyawa da walƙiya da buɗewar labule, shawarata ita ce ka bar su. Yanka kai tsaye ya isa kusan ko'ina, narkewar hoto cikin hoto tana nuna wucewar lokaci, dushewa zuwa duhu kuma tana rufe babi.

Idan ka ga kamar ka gama, ka nuna wa mutum uku ko huɗu da ba su karanta labarin ba kuma ba su je lokeshan ba. Kada ka yi musu bayani. Ka zauna a bayansu ka lura da inda suka fara duba waya, sannan ka nemi su ba ka labarin da bakinsu. Inda suka ruɗe, laifin yankan ne. Bayan ka gyara, ka nuna wa malamin da ke duba aikinka, kuma da zarar ya amince ka kulle hoto, ma'ana ba za a ƙara ko a rage ko firem ɗaya ba, domin duk aikin da zai biyo baya a kan wannan tsawon za a gina shi.

Sauti

Masu kallo suna yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba sa yafe maganar da ba a ji. Kaduna kuwa gari ne mai ƙara: janareta a maƙwabta, Keke Napep a titi, fanka a ɗaki, masu talla, awaki, da lasifikar masallaci ko ta coci. Ka fara da jera sautinka a layuka daban-daban, magana a nata, ƙarar wuri a nata, ƙananan sautuka kamar taku da ƙofa a nasu, kiɗa a nasa. Ka yi amfani da sautin makirufon da aka riƙe kusa da 'yan wasa, ka kashe na jikin kyamara.

A kan layin magana, ka datse duk abin da ke ƙasa da hez 80 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), domin a can gurnanin iska da na mota suke, kuma muryar mutum ba ta rasa komai. Idan akwai ɗan kukan lantarki da ke bin wayar makirufo, ka neme shi a hez 50 da 100 da 150 ka rage. Manhajar rage hayaniya tana taimakawa, akwai ta a Resolve da kuma Audacity wadda kyauta ce, amma ka sa ta kaɗan-kaɗan, domin idan ta yi yawa murya takan koma kamar ana magana a cikin randa. Ɗan ƙarar janareta da ke tafe a tsaye bai kai wannan muni ba. Abin da ya fi damun kunne shi ne ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa a duk yanka, kuma maganinsa shi ne ka shimfiɗa sautin ɗakin da aka naɗa lokacin da kowa ya yi shiru a ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya. Idan ba ku naɗi wannan ba a lokeshan, ka tsinto daga tsakanin maganganu, ko ka koma wurin a daidai wannan lokaci na yini ka naɗi minti ɗaya.

Kiran sallah yana bukatar kulawa ta daban. Idan ya shiga bayan wata ɗauka bai shiga ɗayar ba, yankan zai riƙa datse shi a tsakiyar kalma, abin da bai dace ba ta fuskar ladabi, kuma yana gaya wa mai kallo wani lokaci na yini da wataƙila ba shi labarin yake nufi ba. Ka nemi wata ɗaukar, ko ka kira ɗan wasan ya sake faɗar maganar a ɗaki mai labule da katifa yana kallon bakinsa a allo. Kada kuma ka ɗora kiɗa a kansa.

Wajen auna ƙarfi, ka bar magana tana kaiwa wajen desibel 12 ƙasa da sifili, kada komai ya taɓa sifili, kiɗa kuma ya sauka sosai duk lokacin da ake magana. YouTube yana daidaita sauti a wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin LUFS, wanda ke auna matsakaicin ƙarfin sauti, ƙa'idar gidajen talabijin ta Turai kuma 23 ƙasa da sifili ce. Ka fitar da sauti a kan kilohez 48. Ka saurari aikin da hedifon, sannan da lasifikar waya, domin da ita mafi yawan mutanenmu za su kalla.

Kiɗa kuwa, ba kowace fitowa ke bukatarsa ba, kuma kiɗan tausayi da aka shimfiɗa daga farko har ƙarshe yana kashe tausayin. Kada ka ɗauki waƙar wani ba da izini ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mawaƙa, YouTube yana gane waƙar da aka yi wa rajista, bukukuwan fina-finai kuma suna neman shaidar izini. Ya fi maka ka nemi mai gurmi ko mai sarewa ko ɗalibi ɗan'uwanka mai haɗa kiɗa, ku rubuta yarjejeniya a takarda, ka sa sunansa a ƙarshen fim.

Launi, rubutu da fitarwa

Gyaran launi mataki biyu ne, kuma na farko ya fi muhimmanci: ka daidaita haske da fari a kowane hoto, ta yadda farar riga za ta zama fara a duk fitowar, hoton da aka ɗauka da hantsi ya zauna da wanda aka ɗauka da la'asar. Ka dogara da ma'aunan da ke cikin manhaja, domin allon kwamfutar cinya yana yaudara. Hazon hunturu yana sa hoto ya yi fari-fari, ƙarin ɗan bambanci tsakanin haske da duhu yana dawo da shi, ko da yake wani labarin hazon ne ya dace da shi. Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne fatar 'yan wasa. Kada a haskaka baƙar fata har ta koma toka-toka, kada kuma a ɗora launin da aka sauko da shi daga intanet ya mayar da fuska ruwan lemo. Idan fuska ta yi duhu a gaban farin bango ko taga, ka zagaye fuskar ka ɗaga haskenta ita kaɗai. Mataki na biyu, wato ba fim wani yanayi na launi, ka yi shi da sauƙin hannu.

Fassarar ƙasan allo wajibi ce a gari irin Kaduna, inda za a iya samun malamin da ba ya jin Hausa a cikin masu duba aikin, kuma fim ɗaya kan haɗa Hausa da Turanci da buroka ko Gbagyi. Kada layi ya wuce biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, kuma ka fassara ma'ana, domin karin magana ba ta jure fassarar kalma da kalma. A rubutun Hausa na suna da jerin ma'aikata, ka zaɓi salon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, kamar Noto Sans, ka ajiye fayil ɗin fassarar, wato SRT, a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffan za su fito a matsayin akwatuna. Ka tambayi kowane mutum yadda yake rubuta sunansa.

Ka fitar da fim ɗin kashi biyu. Na farko babban kwafi ne a tsarin fayil mai riƙe inganci, wato ProRes ko DNxHR, wanda za ka adana domin gaba, misali idan za ka tura shi Bikin Fina-finai na Zuma da Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja. Na biyu shi ne MP4 a H.264, girman 1920 da 1080, launi Rec.709. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 cikin daƙiƙa ga irin wannan, amma domin haskawa a aji ka ɗaga zuwa 15 ko 20. Kada ka tura wa malami ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin zai matse shi, ka tura a matsayin fayil ko ka kai a filas. Ka fitar saura aƙalla kwana uku, ka kalli abin da ya fito daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, sannan ka je ɗakin da za a kare aikin ka gwada shi a kan majigi da lasifikar da za a yi amfani da su ranar, da filas biyu a aljihunka.